Minti Huɗu Kafin Faɗuwar Rana

Abin da ya fara jan idona a fuskar kwamfutar ofishinmu na Jega shi ne jerin tara. Sifili, ɗigo, sai tara, tara, tara, har guda bakwai, koraye shar a kan baƙin gilashi. Na ce a raina kamar 'yan mata ne a jere, kowace ta sunkuyar da kai. Haka tunanina yake a lokacin. Duk ranar kasuwa sai in sayo ƙaramin littafin soyayya, in karanta shi a kwana biyu, in wuni ina kallon duniya da idon marubucinsa.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba, ni kuma wata uku ke nan da ɗaukata aikin buga takardu a wani ofishin noman rani. Injiniyan ofishin, wani dattijo mutumin Yawuri, shi ya sa ni na raba ɗaya gida uku, sannan na ninka amsar sau uku.

"Nawa ya kamata ta ba ka?" in ji shi.

Na ce ɗaya.

"To ga shi ta ba ka ɗaya saura ƙiris."

Ya kwance murfin akwatin kwamfutar ya nuna mini wani gurbi mai kusurwa huɗu, babu kome a cikinsa. Ya ce nan ake dasa ɗan guntun da ke yin lissafin lambobin bayan ɗigo, amma tamu an sayo ta babu shi. Sai aka sa mata wata manhaja mai kwaikwayon aikinsa, ta yadda duk lissafin da ya nemi guntun, mai kwaikwayon ne zai amsa a madadinsa. Ya ce kwaikwayon ba laifi, sai dai ba ya iya riƙe doguwar wutsiyar lamba, yanke ta yake yi ya yar. Sau ɗaya ba kome ba ne. Amma idan lissafi hawa dubu ne, kowane hawa an yanke ƙiris, kuma duk ta gefe guda, ƙiris ɗin kan taru ya zama abu.

"Wasiƙa ce, buga a nan," in ji shi. "Dogon lissafi ne, ɗauki faifanka ka tafi ofishinmu na Aliero. Ta can tana da guntun."

Na ji, na kuma fahimta. Ina so wannan ya fito fili tun daga farko, don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani.

A unguwarmu, Jega Firchin, akwai wani Alhaji dillalin albasa, mai loda motoci zuwa kudu. Ɗiyarsa ta biyu ita ce na ɗora wa duk abin da na karanta a littattafan nan. Sau uku kacal muka taɓa magana, amma na buga mata wasiƙa ta kai goma a firintar ofis, na kewaye kowace da taurari, na ce mata hasken fuskarta ya kunyata wata ɗan daren sha huɗu. Amsarta ɗaya ce, da biro, a bayan takardar da na aika: ta ce ta gode, amma in rage tsawo.

Ana saura mako biyu azumi Alhaji ya kira ni zaurensa. Ya ce a masallatan Ikko ya ga an manna takarda mai ɗauke da lokacin shan ruwa na kowace rana, daga farkon wata har ƙarshensa. Ya riga ya saya wa masallacin unguwa lasifika da agogon bango, takardar ce ta rage.

"An ce kai ad da na'ura," ya ce. "Tana iya wanga aiki?"

Na ce tana iyawa. Injiniya yana da wani faifai da ke lissafa fitowar rana da faɗuwarta a kowane gari, domin albasa tsawon yini take bi kafin ta yi kai. An riga an mayar da Injiniya Birnin Kebbi, amma ya bar faifan a aljihun tebur. Dogon lissafi ne, irin wanda ya ce a kai Aliero. Tafiyar ba ta kai awa guda ba a mota. Amma na riga na ce wa Alhaji gobe zan kawo, kuma ina so in shiga zauren nan da takarda a hannu, ɗiyarsa ta ji daga cikin gida ana cewa yaron nan a kwana ɗaya ya gama. Na ce a raina ƙiris ne, ƙiris ba ya karya azumi. Na buga takardar a Jega, na kewaye ta da taurari ita ma.

Ladanin masallacinmu tsoho ne dogo, mai kaifin baki, kowa Baba Ladan yake ce masa. Tun kafin a haife ni yake kiran salla a nan. Ba ya ɗaura agogo. Idan magariba ta gabato sai ya hau matakalar ƙasa da ke jikin masallaci, ya juya yamma, ta saman fadamun albasa, ya tsaya har ƙwayar rana ta nutse duka. Sannan ya waiwaya gabas ya ga duhu ya ɗago, sai ya jefa dabino ɗaya a baki, ya kurɓi ruwa, ya kira. Unguwa duka da muryarsa take shan ruwa.

Da aka manna takardata ya tsaya ya dube ta, hannu a baya.

"Malamin na'ura," ya ce mini, "ita na'urar taka, ta taɓa hawa bisa ta dubi rana?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Baba, ita ba ta buƙatar hawa."

"Awo. Ta hi mu hutawa."

Liman da Alhaji suka yanke cewa bana da takarda za a bi. Aka saita agogon bango da rediyo. Ranar farko ta azumi, da allurar agogo ta kai lokacin da na buga, Alhaji ya ɗaga hannu daga ƙasa. Baba Ladan yana bisa matakala, ya duƙo ya ce da sauran rana. Alhaji ya nuna masa agogo. Kamar da gangan, sai ga kiran salla daga Sakkwato a wata rediyo da ke ƙofar gidan maƙwabta. Mutane suka ce to ga shi, rediyo ma ta yarda da takarda. Babu wanda ya tuna cewa Sakkwato tana gabas da mu, rana tana riga faɗuwa a can. Ni ma sai daga baya na tuna. Tsohon ya sake duban yamma, sannan ya kira.

Kwana huɗu yana kira da takarda. Ina lura da shi: ba ya jefa dabinonsa sai ya gama kiran, ya sake juyawa yamma, ya jira. Rana ta biyar ya ƙi. Alhaji ya ɗaga hannu, ya sake ɗagawa, tsohon bai ko dube shi ba. Mutane na zaune a tabarmi, kunu da ƙosai a gabansu, zafin bazara ya soma, leɓuna sun bushe. Minti huɗu a irin wannan lokaci tsawo gare su. Da ya sauko aka yi masa ca.

"Ni da idona ni gane ta," ya ce. "Bakinta ja, bisa itacen giginya. Ba ni kiran mutane su sha ruwa rana tana kallona."

Wani ya ce idon tsufa ne, jan da ke saura a sama yake gani ya ɗauka rana ce. Wani ya ce hassada ce kawai, don an kawo abin da ya fi shi. Daga ƙasa ba a ganin yamma, gidaje sun tare, kuma babu wanda ya ce bari in hau gobe in duba. Matakalar ta ladan ce, ba a saba wani ya hau ta ba. Ni da nake da ƙafafu lafiya ban hau ba.

Washegari aiki ya kai ni Aliero, zan kai wasu takardu. Na sa faifan a aljihu, ina gaya wa kaina don in tabbatar da gaskiyata ne. Garin duk warin albasa, an tara ta tsibi tsibi a bakin hanya an rufe da kara. Mai kula da kwamfutar can ya tafi salla ya bar ni da ita. Na sa faifan, na ba ta lambobin Jega, waɗanda dai na ba tamu. Ta fitar da jerin kwanaki talatin. Na ɗora takardata kusa da gilashin ina bi layi layi. Kowace rana tawa ta riga tata, wata da minti uku, yawanci da huɗu. Na kashe na sake kunnawa, na sake gwadawa, amsar ba ta canja ba.

Na buga sabuwar, na ninke ta huɗu na sa a aljihun gaba. A mota ina ta shirya yadda zan faɗa. A littattafan da nake karantawa, saurayi yakan tsaya gaban jama'a ya amsa laifinsa, hawaye na zuba, budurwa ta ji daga bayan labule ta ƙara sonsa. Har na zaɓi kalmomin da zan fara da su.

Da na iso na tarar ana nemana a zauren Liman, bayan la'asar. A hanya na wuce ƙofar gidan Alhaji, sai ga ta ta leƙo, karo na huɗu da muka yi magana. Ta ce, "Baba ya ce duk unguwag ga babu mai kai irin naka." Ta yi murmushi ta koma ciki. Ban taɓa ganin murmushinta kusa haka ba.

A zauren akwai Liman, da Alhaji, da dattawa uku, da Baba Ladan a gefe yana jan casbi. Liman mutum ne mai tsoron Allah, ba ya son zaluntar kowa. Shi ya tambaye ni, a hankali.

"Ɗana, magana guda muka so. Ita wagga na'ura, tana kuskure?"

Takardar Aliero tana aljihuna, ina jin kusurwarta a ƙirjina. Alhaji yana dubana da fara'a irin ta wanda ya riga ya san amsa. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, lissafi ne. Lissafi ba ya kuskure."

Baba Ladan ya ɗago kai ya dube ni. Babu fushi a idonsa, abin da na gani ya fi kama da mamaki.

"Ka tabbata, yaro?"

"Na tabbata, Baba."

Ya gyaɗa kai. Liman ya ce to, Baba ya yi hidima shekaru da yawa, lokaci ya yi da zai huta. Ƙanen Alhaji yana da murya, yana kuma da agogo. Tsohon ya tashi, ya naɗe buzunsa, ya ce a yafe masa in ya ɓata wa wani. Daga ranar har ƙarshen wata unguwarmu tana shan ruwa da takardata. Ban da tsohon, ni kaɗai nake jinkirtawa. Nakan riƙe kofi a baki kamar ina sha, in ƙirga a zuci har minti biyar su wuce. Azumina na tsare, na bar na mutane.

Bayan salla Baba Ladan ya bar Jega. Aka ce ya koma wurin ɗiyarsa da ke aure a Kuberi, cikin ƙasar Maiyama. Da wani azumin ya zagayo na tafi Aliero na bugo takarda mai kyau, na manna. Babu wanda ya lura da bambanci, don an daɗe da yage tsohuwar. Na ce wa kaina ai na gyara.

Na auri ɗiyar Alhaji bayan shekara biyu. Ba ta yi kama da matan cikin littattafai ba ko kaɗan, ta fi su. Mace ce mai magana ɗaya, ba ta son kewaye kewaye. Muka haifi 'ya'ya huɗu. An daɗe da jefar da kwamfutar nan a ɗakin ajiya, an kawo sababbi waɗanda aka ƙera su da guntun a ciki. Duk azumi, da an kira magariba, sai ta ga na riƙe kofi ban sha ba. Shekara tara tana gani. Wata rana da hantsi, tana yankan albasa a tsakar gida, ta tambaye ni dalili ba tare da ta ɗago kai ba. Na zauna a kan turmi na faɗa mata duka. Na ƙara da cewa don ita na yi, ina tsammanin wannan zai sassauta abin.

Ta ajiye wuƙa. "Kada ka sa ni ciki, Malam. Ni ban aike ka ba." Ta share ido da gefen zane, ban sani ba ko albasa ce. "Tsohon yana da rai?"

Na ce ban sani ba.

"To tashi ka sani."

Na hau babur na nufi Maiyama, daga can na yi ta tambaya har Kuberi. Na same shi a inuwar wani rumbu yana tufkar igiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma tun daga nesa ya gane ni.

"A'a, malamin na'ura. Kai ma sun sallame ka?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ɗiyarsa ta kawo ruwa ta koma. Na yi ta tambayar lafiya da amfanin gona har tambayoyin suka ƙare. Sannan na faɗa masa, ba da kalmomin da na taɓa shiryawa ba, da 'yan kaɗan marasa ado. Na ce ku ne da gaskiya, Baba; na'urar ta yi kuskure, na gano tun kafin zaman zauren Liman, takardar gaskiya tana aljihuna lokacin da kuka tambaye ni.

Hannunsa bai daina tufka ba.

"Ka san mi ya hi damuna?" ya ce daga baya. "Na yarda da kai. Na ce yaron ga ya yi boko, ba shi yi mini ƙarya gaban Liman. Sai ni ce to idona na. Tun da niz zo garin ga sau uku suna roƙona in yi musu ladanci, ina cewa a'a, idona ba shi da amana."

Na ce ya yafe mini. Har a wannan lokacin wani ɓangare na zuciyata yana sauraron kansa yana jin daɗin yadda abin ya fito. Ban taɓa ƙin kaina kamar ranar ba.

"Nawa mai sauƙi na, na yahe," ya ce. "Mutanen hwa? Waɗanda sunka sha ruwa da rana, wata guda cur. Ka hwaɗa musu su ranka azuminsu?"

Na ce ban faɗa ba.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji shi.

Na dubi igiyar da ke hannunsa.

"Kwana huɗu daga ciki da muryata sunka sha," ya ce. Ya ajiye igiyar, ya dafa rumbu ya miƙe. "Babur ɗin naka shina ɗaukar mutum biyu?"

Ɗiyarsa ta fito tana cewa Baba ina za ku da rana haka, bai saurare ta ba. Na goya shi har Jega, hannuwansa a kafaɗuna, marasa nauyi kamar na ƙaramin tsuntsu. Muka iso ana haramar la'asar. Tsohon Liman ya rasu, ɗansa ne ke jan salla. Surukina Alhaji yana sahun gaba a kan kujera, ƙafafu sun gaza.

Da aka sallame Baba Ladan ya miƙe ya juyo ya fuskanci jama'a. Muryarsa ta ragu amma ta isa har ƙofa. Ya ce shi ne tsohon ladanin masallacin nan, ga waɗanda ba su san shi ba. Ya ce shekarar da aka fara manna takarda, lokacin da ke cikinta ya riga faɗuwar rana, yanzu an tabbatar masa. Duk wanda ya sha ruwa da ita a wannan wata, ya tambayi malamai, ya rama. Ya ce kwana huɗun farko shi ya kira, yana ganin rana ya kira, a yafe masa.

Wani daga baya ya ce, "Wa ya tabbatar maka, Baba?"

Ina sahu na uku. Tsohon bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Wanda ya sani."

Ya ba ni lokaci, na san ya ba ni. Ya tsaya yana gyara hularsa fiye da yadda hula ke buƙata. Ban tashi ba. Ina kallon ƙeyar surukina, ina tunanin abin da zai ce, da abin da za a faɗa a kasuwa. Sai mutane suka fara tashi. Samari suna murmushi, wani ya ce tsufa ke nan. Rabin waɗanda suka yi wancan azumin sun mutu ko sun bar unguwa. Dattawa biyu ko uku ne suka tsaya suka yi masa tambayoyi, ɗayansu na ji ya rama daga baya. Alhaji ya ce a kawo wa Baba abinci, a kuma sa shi a mota, rana ta yi masa yawa.

Ni na mayar da shi. A hanya, da muka wuce Maiyama, ya ce in rage gudu, akwai rami a gaba. Matata ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, labari ya riga ni isa gida. Kwana uku tana ajiye mini abinci ba ta zauna kusa.

Da sanyi ya shigo, Baba Ladan ya fara ramuwar azumi. Ɗiyarsa ce ta gaya mini daga baya. Ta ce masa ai shi bai sha da takarda ba ko sau ɗaya, babu abin da zai rama. Ya ce ya sani, kwana huɗun da ya kira ne ba su bar shi ya yi barci ba. Ya yi su a jere, yana da shekara tamanin da wani abu. A wannan shekarar ladanin Kuberi ya tafi ci rani, aka sake zuwa roƙonsa karo na huɗu, sai ya amsa. Masallacin ba shi da matakala, jikokinsa suka gina masa ɗan tudu a gefen yamma. Ya yi musu azumi biyu yana kira. Ya rasu a farkon damina ta uku, ranar wata Laraba da hantsi, aka binne shi a can Kuberi.